Ga Wani Gwani da Harshensa Ke Cikin Firiza

Ni dai ban kama sunan kowa ba, kuma ba zan kama ba. Amma kwanan nan mun yi sabon gwani a harkar barasar ganyayyaki. Ya ciro kwalabe daga firiza suna raɓa, ya jera, ya riƙa kwankwaɗa ɗaya bayan ɗaya kamar ana binsa da bulala, sannan ya gyara zama ya raba musu maki: wai wannan ce ta ɗaya, waccan ce kurar baya. Mabiya suna ta tafi. To, sannu da aiki.

Da ya tambaya, da an faɗa masa cewa sanyi mai tsanani yana kulle ƙamshi, yana kuma dushe zaƙi a harshe. Abin da aka ɓata shekaru ana jiƙa saiwoyi da ɓawo da furanni don hanci ya ji, shi ne ya daskarar, sannan ya ce "duk ɗanɗanonsu ɗaya". Ai dole su zama ɗaya! Jägermeister kaɗai ce a teburin nan masu ita suka ce a sha ta da sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, don ita kurɓi ɗaya ake yi mata. Ko ita ɗin ma, wanda yake son ya gane ganyayyaki 56 da ke cikinta, ya ji kirfa da citta da ɓawon lemo, barinta yake yi ta huce. Sai ga gwanin namu yana rantsuwa wai akwai jinin barewa a ciki, tatsuniyar da kamfanin da ke Wolfenbüttel a Jamus ya gaji da ƙaryatawa. Barewar tana kan takardar kwalba, nan ta tsaya.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne da Fernet-Branca ya fara. Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan kanta yana haɗa wa mutane abin sha ya san ita ake bari ƙarshe. Tun 1845 ake yin ta a Milan, ganyayyaki 27, ƙarfinta kashi 39 cikin 100, ɗaci kuwa har maƙogwaro, ga wani sanyin na'ana'a da ke zama a baki ya ƙi tafiya. Bayan ita, me harshe zai ji? Ya bi ta da Bénédictine, ya yamutsa fuska ya ce "ruwan sukari". Malam, harshenka ne ya tafi hutu. Masu abin suna farawa da mai laushi, su hau zuwa mai ƙarfi, su rufe da mai ɗaci, ana kurɓar ruwa a tsakani. Ana zuba kaɗan, a shaƙa da baki a ɗan buɗe, a bar ɗigo ya zaga harshe, sannan a ɗiga ruwa a sake shaƙa, don ruwa yana sassauta zafin barasar ya saki abin da ke ƙarƙashi.

Da ya zo kan Bénédictine ɗin ma sai ya yi mana tarihi, wai har yau 'yan zuhudu ne suke dafa ta a gidan ibadarsu. Ya ga D.O.M., gajeren kirarin Latin na yabon Ubangiji, a jikin kwalba ya ɗauka magana ta ƙare. Ɗan kasuwa ne, Alexandre Le Grand, ya fito da ita a 1863 a garin Fécamp na Faransa. Ganyayyaki da kayan ƙamshi 27, da zuma, da za'afaran, kashi 40 cikin 100. Zaƙinta shi ne aikinta. Cokali ɗaya a cikin Vieux Carré, haɗin da aka ƙirƙiro a New Orleans, shi yake sulhunta wiski da koniyak da vermouth (giyar inabi mai ganyayyaki) su zauna lafiya a gilas guda. Wanda ya auna ta da ma'aunin Fernet bai san abin da aka yi ta dominsa ba.

Wadda 'yan zuhudu suke da ita da gaske ita ce Chartreuse, kuma a nan ne gwanin namu ya yi ɓaram-ɓaramar da ta fi kowacce. A 1605 aka ba 'yan zuhudun Katolika na ɗariƙar Chartreux takardar haɗin. Tsirrai 130 ne, kuma sirrin yana hannun ƙalilan daga cikinsu. Da gwamnatin Faransa ta kore su a 1903, Tarragona suka nufa a Sifaniya da sirrinsu a ka, aka ci gaba da yin ta can har 1989. Akwai koriya, akwai rawaya. Launin kore ɗin nan daga tsirran yake, ba rini ba ne kamar yadda wani ya shaida wa duniya. Kuma rawayar ba koriyar ba ce da aka tsinka da ruwa. Koriya tana da kashi 55, tana da kaifi, tana buɗe hanci da ɗanyen ganye da yaji, ɗanɗanonta yana ta canzawa a baki har bayan an haɗiye. Rawaya tana da kashi 43, haɗinta daban, ta fi laushi, ta fi karkata ga zuma da za'afaran. In don zaman kurɓa a hankali ne, ni koriyar nake zaɓa, da ɗan sanyi ko ƙanƙara guda babba. Wanda ƙarfinta ya yi masa yawa ya koma rawaya, ba abin kunya ba ne. Abin kunyar shi ne ka kasa bambanta su, sannan ka hau mumbari.

Da 'yan zuhudun suka ƙi ƙara yawan abin da suke fitarwa don su ji da ibadarsu, koriyar ta yi wuyar samu, musamman a Amurka. Masu sana'a suka shiga laluben madadi, galibi suka koma ga génépy, barasar wani ɗan tsiro na tsaunukan Alps, suna rage nan suna ƙara can don ta fi Chartreuse sauƙi. Shi kuwa mai gidanmu cewa ya yi a zuba Jägermeister maimakon koriyar a haɗin da ake kira Last Word, wai "ganye ai ganye ne". Last Word kashi huɗu ne daidai wa daida: barasar gin, koriyar Chartreuse, maraschino (barasar 'ya'yan ceri), da ruwan lemon tsami. Ƙarfin koriyar ne yake riƙe da sauran ukun. Ka sa Jägermeister mai kashi 35, baƙa, mai nauyin zaƙi, ka samu wani abu mai launin ruwan kwata, ka ɗauki hotonsa kana murmushi.

Strega ta Benevento a Italiya da Becherovka ta Karlovy Vary a ƙasar Czech kuwa ko kallon kirki ba su samu ba. Ta farkon ya ce kwaikwayon rawayar Chartreuse ce saboda launi, alhali na'ana'arta ta fito fili ga mai hanci. Ta biyun ya kira ta maganin tari, bai san kirfa da kanumfarin nan da ruwan tonik suke tashi ba, haɗin da 'yan Czech ke kira Beton.

Na san za a kai masa wannan, zai kuma ce hassada ce, mun ga yana tashe. Wanda ya tsargu da shi ake. Na ji an ce a jerinsa na gaba Unicum ta Budapest zai gwada, mai ganyayyaki sama da 40, wadda ɗacinta ba ya wasa da kowa. Don Allah na kusa da shi su ɓoye makullin firiza, su aje masa ruwa a kusa, kuma kada su bari ya fara da ita.