Wani ya ƙirga 28 da 31, ya tsallake shekara 22

Akwai wani a cikinmu, ba zan kama suna ba don ba haka aka raine ni ba, wanda tun da ya iya duba jadawalin alƙaluma a waya ya ɗauka ya haddace besbol, wasan Amurka da mai jifa ke jefa ƙwallo, mai bugu ya buge ta da sanda. Kwanan nan bakinsa ya faɗa kan Satchel Paige, shahararren mai jifa baƙar fata ɗan Amurka. Wai tsoho ne mai ba 'yan kallo dariya, wai jifansa tatsuniya ce da aka yi ta ƙara wa gishiri. Hujjarsa guda ɗaya tak: a gasar American League, ɗaya daga cikin manyan gasa biyu na besbol a Amurka, Paige ya ci wasa 28, an cinye shi 31. Ya faɗi haka ya gyara zama, yaran da ke kewaye da shi suka gyaɗa kai. Yaran nan ne suka sa nake wannan rubutu, don shi kansa ya san abin da ya ɓoye.

Alƙaluman gaskiya ne. Abin da mutumin ya haɗiye shi ne shekarun Paige ranar da aka fara wannan ƙirge. Ranar 7 ga Yulin 1948 Bill Veeck, mai ƙungiyar Cleveland Indians, ya ɗauke shi, kuma a ranar ya cika shekara 42 da haihuwa. Yawancin masu jifa kafin su kai nan kafaɗa ta daɗe da ƙi, sun koma gida. Shi kuwa tun 1926 yake jifa don neman abinci, lokacin da ya fara da wata ƙungiyar baƙaƙen fata a Chattanooga. Daga 1926 zuwa 1948 shekara 22 ke nan, kuma su ne shekarun ƙarfinsa. Me ya hana shi babbar gasa a tsawon wannan lokaci? Launin fatarsa. Babu doka a rubuce, masu ƙungiyoyi ne suka haɗa baki tun ƙarshen ƙarni na 19 cewa baƙar fata ba zai taka filinsu ba, har sai da Jackie Robinson ya shiga Brooklyn Dodgers a 1947. A hana mutum gonarsa duk damina, a buɗe masa bayan ruwa ya ɗauke, sannan wani ya zo yana leƙa rumbu yana cewa ai ba manomi ba ne. Wannan shi ne adalcin su o'o.

Bari in gaya wa yaran abin da aka tsallake. An haifi Paige, wanda sunansa na ainihi Leroy ne, a Mobile da ke jihar Alabama a 1906, yana ƙarami yana dakon jakunkuna a tashar jirgin ƙasa. Yana kusan shekara 12 aka kai shi gidan horon yara na Mount Meigs, a can ya koyi jifa da kyau. Ya yi wa Birmingham Black Barons wasa, ya koma Pittsburgh Crawfords inda Josh Gibson ke tsugune yana kama masa ƙwallo, daga baya ya zauna da Kansas City Monarchs. Rayuwarsu a mota take, gari bayan gari, otal ya ƙi ba su ɗaki, gidan abinci ya ƙi ba su kujera, gobe kuma akwai wasa. In sanyi ya shigo Amurka sai ya ƙetara Kuba ko Puerto Rico. A 1937 ya yi wasa a Jamhuriyar Dominika, a 1938 a Meziko, inda hannunsa ya mutu har aka ce labarinsa ya ƙare. J. L. Wilkinson, mai Monarchs, ya ajiye shi a ƙaramar ƙungiyarsa ta yawo, sannu a hankali hannu ya dawo. A 1942 Monarchs suka lallasa Homestead Grays wasa huɗu a jere suka ɗauki kofin gasar baƙaƙen fata, alhali manyan masu bugu Josh Gibson da Buck Leonard suna ɗaya ɓangaren. Wasanni da yawa na waɗancan shekaru babu wanda ya rubuta sakamakonsu, saboda manyan jaridu ba su ga darajar aika ɗan rahoto ba. Rashin takarda laifin masu alƙalami ne, ban ga dalilin ɗora shi a kan mai jifa ba.

Kuma fararen da aka hana shi karawa da su a gasa sun haɗu da shi a wasannin sada zumunci, sun ɗanɗana. Dizzy Dean ya kara da shi a shekarun 1930, Bob Feller ya zaga ƙasa da shi a 1946. Joe DiMaggio, wanda ya tsaya gabansa da sanda tun kafin ya fara yi wa Yankees wasa, ya ce bai taɓa fuskantar mai jifa kamarsa ba. Tsakanin shaidar wanda ƙwallon ta wuce ta gaban hancinsa da shaidar wanda ya ga lamba a waya, kowa ya san wadda ake ɗauka.

Mu dawo kan 28 da 31 ɗin nasa, tunda nan ya kafa tuta. A 1948, a rabin kaka kawai, Paige ya ci wasa 6 an cinye shi 1, kuma matsakaicin makin da ake ci a hannunsa a zagaye tara bai wuce 2.48 ba. Ranar 13 ga Agusta ya hana Chicago White Sox ko maki ɗaya daga farko har ƙarshe. Ranar 20 ga wata ya maimaita musu, 1 da nema, a gaban mutum 78,382 a Cleveland. A ƙarshen kakar Cleveland da Boston Red Sox kunnen doki suka yi, sai da aka buga wasan raba gardama. Cire wasanni shidan nan na tsoho ka gaya mini ta ina Cleveland za ta kai World Series, wato karawar ƙarshe tsakanin zakarun manyan gasa biyu, balle ta ɗauki kofin a waccan shekara. Shi ne kuma baƙar fata na farko da ya yi jifa a World Series.

Daga cikin faɗuwa 31 ɗin, 23 a St. Louis Browns ya yi su, daga 1951 zuwa 1953. Mai jadawali bai faɗi wace irin ƙungiya ce Browns ba. An cinye ta wasa 102 a 1951, 90 a 1952, 100 a 1953. A cikin wannan rugujewar, yana shekara 46, Paige ya ci 12 an cinye shi 10 a 1952, aka zaɓe shi cikin taurarin gasa a 1952 da 1953. Ko mai jifa ya kai wa ya kai, in abokan wasansa ba su ci maki ba, sunansa ake rubutawa a layin faɗuwa. Duk wanda ya san wasan ya san haka, kuma mutumin nan ya sani, don ba a daɗe ba yake zuwa yana tambayar irin waɗannan abubuwa ana yi masa bayani a tsanake. Yau da ya sami masu sauraro sai ya ga babu hanyar yin tsawo sai ya taka kan na gaba.

Batun wasa da 'yan kallo kuwa, e, ya yi. Yakan kira masu tsaron bayan fili su dawo su zauna, ya rage daga shi sai mai bugu. Ƙungiyoyin baƙaƙe da kuɗin ƙofa suke rayuwa, sunansa a jikin allo shi ke cika fili, abokan wasansa su sami na cefane. Abin da ke burge ni shi ne in ya yi wannan kasada yakan cika alkawari, ya fitar da masu bugun ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani jifansa da yake ɗan dakatawa a tsakiya kafin ya saki ƙwallo, ya rikita masu bugu har shugaban American League, Will Harridge, ya haramta shi a 1948. Ba a kafa wa mai ban dariya doka.

A 1966 Ted Williams, shahararren mai bugu farar fata, ranar da ake shigar da shi Zauren Gwarazan Besbol a Cooperstown, ya tsaya ya nemi a shigar da Paige da Josh Gibson. A 1971 aka shigar da Paige. A 2020 hukumar babbar gasa ta amince gasannin baƙaƙe na 1920 zuwa 1948 manyan gasa ne, a 2024 ta haɗa alƙalumansu da na kowa, inda matsakaicin maki 1.01 a zagaye tara da Paige ya yi wa Monarchs a 1944 ya hau mataki na uku a tarihin kaka guda. Wato jadawalin da malam yake tinƙaho da shi ma masu shi sun gyara, shi ne bai sami labari ba.

Ranar 25 ga Satumban 1965 Kansas City Athletics suka fito da Paige yana shekara 59. Kowa ya san Charlie Finley, mai ƙungiyar, 'yan kallo yake nema. Amma masu bugun Boston Red Sox ba wasa suka zo yi ba. Zagaye uku ya jefa, ba a ci shi maki ba, mutum ɗaya ne kacal ya sami bugu mai kyau, Carl Yastrzemski, wanda bayan shekara biyu ya zama gwarzon gasar baki ɗaya. In mai jadawali zai sake tara yara, ya zo musu da sunan mai jifa ɗaya daga cikin gwanayensa na yau da zai iya haka yana shekara 59. Wanda ya tsargu, muna sauraron sunan.