Ƙannena mata, wa ya biya kuɗin shafin da kuke karantawa?

Assalamu alaikum ƙannena 'yan mata, musamman na ƙauyukanmu na wajen Ringim da Taura, dan Allah ku ba ni aron hankalinku, maganar nan ta kwana biyu tana ci na a rai.

Ranar kamun wata amarya a garinmu na tarar da 'yar yayata da ƙawayenta a gindin darbejiya sun haɗa kai a kan wata mujallar mata da 'yan biki suka zo da ita daga Kano, har aka kira la'asar ba su ji ba. Na karɓa na duba. A bango wata ce fara sol, leshi da gwal har gwiwar hannu, ciki kuma gyaran jiki, girkin da zai riƙe miki miji, yadda za ki kere wa kishiya, hotunan bikin 'ya'yan manya, sauran duk tallan mai da sabulu da kayan mata. Na bi ta shafi-shafi ban ga mace ɗaya tana duba mara lafiya ba, ko tana gaban allo, ko tana auna riɗi. Da daddare yarinyar nan ta same ni a ɗaki tana juya bayan hannunta a hasken tocila, wai Anti wane mai ne zai ɗan buɗe min fata? Yarinyar da take zuwa ta ɗaya a lissafi fa. Wallahi ranar ban yi barcin kirki ba.

Ni ba na faɗa da kwalliya, lalle da dilka da turaren wuta namu ne, kuma iya girki ba abin kunya ba ne. Abin da nake so ku gane shi ne irin waɗannan mujallun ba kuɗin da kika saya ne yake riƙe su ba, talla ne, kuma mai sayar da man bilicin ba zai zuba kuɗinsa a shafin da zai ce miki baƙarki ta yi kyau ba, dole sai an fara sa ki ji kin gaza sannan a nuna miki kwalba, shi ya sa kullum macen cikinta aikinta biyu ne, ta yi kyau, ta yi gasa da 'yar uwarta a kan namiji. Ba a nan kaɗai ba ne. A Amurka su Gloria Steinem sun kafa mujallar Ms. a 1972 don maganar aiki da albashi da haƙƙin mata, a 1990 sai da mujallar ta daina karɓar talla gaba ɗaya saboda masu kayan kwalliya suna son su riƙa juya abin da za a rubuta. Ba duk abin da suke kira gare shi na yarda da shi ba, addininmu da rayuwarmu daban, amma a wannan gaɓar sun ga gaskiya. Kuma kwalbar ba wasa ba ce, a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa, wasu mayukan suna lalata ƙoda, wasu su sa fata ta yi laushin da ko tiyatar haihuwa aka yi ɗinki ya ƙi kamawa da wuri.

Za ku ce to Anti me za mu karanta? Da kun ji an ce 'yancin mata sai gabanku ya faɗi, a ce abin Turawa ne. Nana Asma'u 'yar Shehu ta rasu tun 1864, ita ta riƙa naɗa malamai mata da ake kira jaji tana tura su ƙauyuka da waƙoƙin karatu suna koyar da mata, su ne 'Yan Taru, matan ƙauye irinmu. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri fiye da sau goma a kan mace ta samu bakin magana, matan Arewa ba su fara jefa ƙuri'a ba sai 1976. Marigayiya Bilkisu Yusuf ta riƙe editan jaridar Sunday Triumph a Kano, tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta Najeriya, FOMWAN, a 1985. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, da aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta dawo ta rubuta littattafai da Hausa a kan auren dole da karatun 'ya mace. Ga gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016, mata zalla, ana karanto labaran a rediyo.

Na sani samun irin waɗannan a ƙauye akwai wuya, ba mai kawo mana su a kasuwar mako, kuma ba su da ƙyalli. Amma datar da kike ƙonawa a kallon ashobi ta isa ki nemi rabonki na gado a gonar babanki yadda shari'a ta tsara, ko dalilin zuwa awon ciki, ko yadda ake gyaran yoyon fitsari kyauta a asibitin Jahun, nan kusa da mu, alhali wata tana ɓuya a ɗaki shekara da shekaru ba ta sani ba.

'Yar yayata kam na ba ta sabon littafin rubutu na ce ta je ta zauna da kakarta ta rubuto min yadda ta aurar da 'ya'ya biyar da kuɗin ƙuli-ƙuli da adashi. Jiya ta kawo min shafi uku, ta ce Inna ba ta gama ba, sai gobe bayan an sauke tuwo.