In soja ya ciyar da kansa, a jikin wa zai fanshe?

Kwanakin baya na tsaya wurin shumekan bakin layinmu zan karɓi takalmina, sai na tarar da wani yaron unguwa da na sani tun yana rarrafe, zaune kan benci da silifas a ƙafa. Soja ne yanzu, ya zo hutun mako biyu daga daji. A cinyar shumeka kuwa ga wani ƙaton takalmin soja da ƙasansa ya wangale baki kamar kada, ana yanka tsohuwar taya za a liƙa masa. Na ce, "Kai ɗan nan, ba ba ku ake yi ba?" Ya yi murmushi ya ce, "Ana ba mu, Baba. Sai dai dutse da ƙaya ba su san ranar rabo ba." Takalma biyu gare shi, wanda aka ba shi da wanda ya saya da kuɗinsa, kuma na sayen ya fi ƙarko. Shumeka ya ɗago kai ya ce, "Ofisa, dubu biyu ne, amma kawo ɗaya da rabi. Ai mu kuke tsarewa."

Mutane da yawa sun ɗauka da zarar yaro ya fita daga Dafo na Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji, ci da sha da sutura sun koma wuyan gwamnati har ranar ritaya. A takarda, kusan haka ne, a nan da sauran ƙasashe. Damuwata ita ce tazarar da ke tsakanin takarda da aljihun ƙaramin soja, da kuma wanda a ƙarshe yake cike wannan giɓi ba tare da an tambaye shi ba.

A duba Amurka, wadda ta fi kowa zuba kuɗi a harkar soja. Ƙaramin soja ana ba shi kaki da takalmi kyauta ranar da ya shiga, daga nan duk shekara a ba shi kuɗin sabunta su. Hafsa kuwa dala 400 ake ba shi sau ɗaya tak a farkon aiki, sauran kakin da zai sa har ya bar aiki daga albashinsa ne. Abinci ma kuɗi ake ba su a hannu. A 2025 ƙaramin soja na karɓar dala 465 da 'yan kai a wata, hafsa kuma dala 320 da ɗoriya. Wanda ke kwana a bariki yana cin abincin rundunar, ana cire mafi yawan kuɗin nan tun kafin su iso hannunsa. Bindiga, harsashi, hular kwano da rigar sulke duk na hukuma ne, aro aka ba ka, in ka ɓatar da sakaci a cire a albashinka. Tsari ne da ba ni da ja a kansa: abin ado da ƙawa ka iya saya, abin da ke tsakaninka da mutuwa kuwa hukuma ce za ta kawo.

To amma ko can ɗin ba a rasa nono a ruga ba. A watan Fabrairun 2025 kafar Military.com ta bi diddigin kuɗin abincin da aka cire wa sojoji a manyan barikoki 11, ta gano cewa cikin dala miliyan 225 da aka tara, fiye da miliyan 151 ba a abinci aka kashe su ba. Kafin nan, a farkon yaƙin Iraƙi, iyaye ne ke sayen rigar sulke su aika wa 'ya'yansu, har sai da majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar mayar musu da kuɗinsu. A Disambar 2004 wani ƙaramin soja ya miƙe a gaban Sakataren Tsaro Donald Rumsfeld a Kuwait, ya tambaye shi don me suke tonon bola suna neman tarkacen ƙarfen da za su liƙa wa motocinsu. Amsar da ya samu ita ce, da rundunar da kake da ita kake fita yaƙi, ba wadda kake fatan samu ba. Abin lura a nan, yaron ya yi tambayarsa a bainar jama'a, kuma ba a kai shi kotun soja ba.

Rasha ta fi haka muni. Da Putin ya kira mutum 300,000 zuwa yaƙin Yukren a Satumbar 2022, matansu da iyayensu ne suka bazama shaguna neman takalmi, jakar barci da bandeji, farashin rigar sulke ya yi tashin gwauron zabi. Wani ɗan majalisa, tsohon janar Andrei Gurulyov, ya fito yana tambayar ina kaki miliyan ɗaya da rabi da aka ce suna ajiye a sito suka shiga.

Mu a ƙasar Hausa wannan magana ba baƙuwa ba ce. A zamanin sarakuna, dakare da bakansa da kwarinsa da guzurinsa yake fita. Barde kuwa ubangidansa ne ke ba shi doki da lifidi da kwalkwali. Ba a biyan albashi a ƙarshen wata, ganima ce ladan, a fitar da humusi a raba saura. Tsarin a bayyane yake: wanda ya ciyar da kansa zuwa fagen fama, a can zai fanshe. Gwamnatin zamani ta zo ta ce ta soke ganima, ta ɗauki nauyin ciyarwa, shi ya sa take da bakin hana soja taɓa akuyar talaka. To duk ranar da ta kasa cika nata ɓangaren, ganimar nan dawowa take yi ta bayan gida. Tana dawowa a shingen kan hanya, inda direban Sharon ke naɗe ɗari biyu a tafin hannu tun daga nesa, a ce masa "Direba, ina na ruwa?" Tana dawowa a buhun kifi da gawayi da ake ɗora wa haraji ba rasit. Mafi hatsari, tana dawowa a harsashin da ke sulalewa daga sito ya faɗa hannun wanda aka sayo shi dominsa. Ba wanke mai yin haka nake yi ba, laifi laifi ne, kuma dubban sojoji suna cikin wannan ƙunci ba su taɓa miƙa hannu ba. Amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

A farkon 2025 Babban Hafsan Sojin Ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Olufemi Oluyede, ya sanar da ninka kuɗin abincin soja na kullum daga naira 1,500 zuwa 3,000. Ya kyauta, kuma ya cancanci yabo. Sai dai sanarwar da kanta ta tona wani asiri: kusan shekara biyu bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, lokacin da kowane magidanci ya san yadda kwanon shinkafa ya koma, naira 500 ce kuɗin kowane cin abinci na mutumin da ke kwana a rami da bindiga a ƙirji. Bayan ƙarin ta zama 1,000. Mai karatu ya shiga kowace rumfar mai abinci da dubu ɗaya ya ga abin da za a zuba masa, sannan ya tuna cewa wannan kuɗi sai ya bi ta hannuwa da dama, da ɗan kwangila, da motar da za ta kai kayan daji, kafin ya zama tuwo a kwano. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wanda ke ganin zancen tuwo ƙaramin abu ne a harkar tsaro, ya tambayi mutanen Burkina Faso. A ranar 14 ga Nuwambar 2021 'yan bindiga suka afka wa sansanin jandarmomi a Inata, suka kashe fiye da mutum 50. Bayan harin ne wata takarda ta fito, wadda sansanin ya aika wa manyansa kwana biyu kafin nan, yana kukan cewa abinci ya ƙare, mako biyu ke nan dabbobin da suka samu a kewaye suke yankawa su ci. Jama'a suka fito kan titi, kuma kafin ƙarshen Janairun 2022 sojoji sun kifar da Shugaba Roch Kabore. A Nijar, an kashe soja 71 a Inates a Disambar 2019, da 89 a Shinagodar wata guda bayan nan. A 2020 binciken ma'aikatar tsaro ya nuna sefa biliyan 76 sun salwanta ta hanyar aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Namu ma bai tsufa ba. A 2008 sojojin da suka dawo daga aikin wanzar da zaman lafiya a Laberiya suka tare hanya a Akure saboda alawus ɗinsu da ya maƙale, aka yanke wa 27 ɗaurin rai da rai, daga baya aka rage zuwa shekara 7. A Disambar 2014 kotun soja ta yanke wa soja 54 hukuncin kisa saboda ƙin fita yaƙi da Boko Haram, lauyansu Femi Falana yana cewa makamai kawai suka nema. Shekara guda bayan nan aka mayar da hukuncin ɗaurin shekara 10, a daidai lokacin da ake tsare da Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kan zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai. Shari'ar ƙananan sojojin ta ƙare cikin watanni. Ta kuɗin makaman kuwa ta kwashe shekaru ana ɗage zama.

Na san abin da hafsoshi za su ce, kuma ba duka ba ne son kai. Akwai sojan da ake ba kaya yau, gobe ka gan su a kasuwa. Akwai wanda ke raina abin da aka ba shi don yana son na ƙasar waje. Sannan runduna ba ƙungiyar ƙwadago ba ce, ba a yajin aiki a gaban abokin gaba, kuma sojan da ya ɗauki waya yana zagin manyansa a Facebook ya karya doka. Duk na yarda. Amma in ka toshe wa mutum baki a fili, ya zama wajibi ka buɗe masa ƙofa a ɓoye. Jamus tun 1959 take da wani kwamishina da majalisar dokoki ke zaɓa, wanda kowane soja, ko kurtu ne, yana da ikon rubuta wa kai tsaye ba sai takardar ta bi ta teburin kwamandansa ba, kuma doka ta hana a hukunta shi kan haka. Kwamishinan na iya faɗawa kowane bariki ba sanarwa, duk shekara kuma ya karanta wa majalisa abin da ya gani, har da zancen safa da rigar sanyi. Mu a nan, sau da yawa koken soja kan sito sai ya bi ta hannun wanda ke riƙe da makullin siton.

Abin da nake nema daga kwamitocin tsaro na Majalisar Tarayya bai kai sayen jirgin yaƙi tsada ba. A rubuta abin da ya zama haƙƙin kowane soja, kaki nawa a shekara, takalmi nawa, bayan wata nawa ake sauya shi ga wanda ke daji, a manna a ƙofar kowane sito da Turanci da Hausa da sauran harsunan da yaran ke ji. Alawus ya riƙa shiga asusun mai shi kai tsaye, ranar da aka sani. Wanda ya sayi abin da hukuma ta kasa ba shi a kan lokaci, ya kawo rasit a mayar masa. Kuma 'yan kwamitin da ke zuwa ziyarar gani da ido su daina tsayawa a ɗakin cin abincin hafsoshi, su wuce bayan tanti da tsakar rana, su sa a buɗe musu tukunyar da ake raba wa yara, su ƙirga naman da ke ciki.