Karen da Yake Gudu Idan Na Yi Ruku'u

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa. Na san wasunku za su yi mamakin ganin nasihar wannan Juma'a ta faɗa kan kare, domin a garin nan namu na Zariya da wuya sunan kare ya fito daga bakinmu in ba wajen zagi ba. Ina roƙon ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Wata biyar ke nan da wani ɗan aminina, matashin likitan dabbobi da ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ya same ni a lambuna na gefen Kubanni. Yaron yana da ɗan wuri a bayan gidansu inda yake tara karnukan da aka yasar, ya yi musu magani, sannan ya nema musu masu riƙo. Irin wannan aiki tsohon tsari ne a ƙasashe irin su Ingila, inda gidan karnukan nan na Battersea da ke Landan ya samo asali tun 1860, alhali mu da muke da hadisin jinƙan dabba da aka faɗa fiye da shekara dubu kafin nan, mahaukaci muke ɗaukar mai yin sa. Bayan mun gaisa ya ce, "Baba, akwai wani da ya gagare ni. A wani kango aka tsince shi ɗaure da sarƙa, masu haya sun tashi sun bar shi. Na cire masa kaska, na ba shi maganin tsutsar ciki, gyambon wuyansa ya warke, amma idan sauran suna haushi ko abinci ba ya iya ci. Wurinku shiru ne, riƙo kawai nake nema."

Ban amsa masa nan take ba, domin na san hadisin da ke cewa wanda ya ajiye kare ana rage masa ƙiraɗi na lada kowace rana. Sai dai hadisin da kansa ya togace karen farauta da na kiwo da na gona, lambu kuwa gona ne, kuma a can zai zauna, ba cikin ɗakunan iyali ba. Game da najasa kuma, a mazhabar Imam Malik da muka tashi a kanta, kare mai rai tsarkakakke ne har da yawunsa, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau 7 kuwa bautar Allah ce da bin umarni. Saboda haka na ce ya kawo shi.

Baƙi ne, shi ya sa yarana suka sa masa Duna. Da aka sauke shi sai ya kutsa ƙarƙashin tarin kara, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafuwa, ya kwantar da kunnuwa, jikinsa yana kyarma kamar mai zazzaɓi. Kwana 4 bai ci komai a gabana ba, sai da safe in tarar da kwanon a siɗe. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa ya faru ne a mako na biyu, lokacin da ya fara fitowa yana kwanciya daga nesa. Na shimfiɗa buzu zan yi La'asar, na yi kabbara yana kwance, na yi karatu yana kwance, ina sunkuyawa ruku'u sai na ji ya zabura da ƙara ya faɗa cikin kara. Da na sallame na daɗe a zaune kafin na gane: a iya saninsa, ɗan Adam ba ya sunkuyawa sai don ya ɗauki dutse. Sunkuyawar da nake yi don girmama Ubangijina, shi jifa yake gani a cikinta, kuma ba kowa ya karantar da shi wannan ba face mu da 'ya'yanmu.

An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Likitan ya bayyana mini cewa kwikwiyo yana koyon wanda zai amince da shi ne tsakanin mako 3 zuwa kamar mako 12 da haihuwa, kuma abin da ya gamu da shi a wannan tsakani yakan bi shi har girma. Ku duba lungunanmu ku ga abin da kwikwiyo yake gamuwa da shi a daidai wannan lokaci: yara sun ɗaura masa igiya a wuya suna ja, wasu suna gwada saitin dutse a kansa, mu manya muna zaune a dakali muna kallo, babu mai cewa kul. Ranar da ya girma ya ciji wani kuma sai mu ce mugun kare ne.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, labarin mutumin da ƙishirwa ta tsananta gare shi a hanya, ya sauka rijiya ya sha, da ya fito sai ya ga kare yana lallage yana cin danshin ƙasa. Ya koma ya cika huffinsa, ya riƙe shi da baki ya hau, ya shayar da karen, Allah Ya gode masa Ya gafarta masa. Da Sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce akwai lada a cikin duk mai ɗanyar hanta. Inda na fi tsayawa a hadisin shi ne abin da mutumin ya faɗa a ransa, cewa wannan kare ya kai ga irin abin da ni na kai. Ƙishirwar da ya ɗanɗana ce ta sa ya gane ta a jikin wani. To, mu mutanen wannan yanki ba sai an fassara mana tsoro ba, mun san yadda gaba yake faɗuwa idan aka ji ƙarar babura da tsakar dare. Wanda ya san wannan, yaya zai ga halitta tana kyarma a gabansa ya ƙara mata da sanda?

Maganin da likitan ya tsara mini babu allura a cikinsa. Kada in zuba masa ido, kada in nufe shi kai tsaye, kada in miƙa hannu ta saman kansa, kada in jawo shi daga maɓoyarsa. In zauna a ƙasa na ba shi gefen jikina, in jefa ɗan nama kusa da shi in ci gaba da harkata, gobe in jefa kusa da ni kaɗan, in ya ja da baya in koma inda muka tsaya jiya. Abinci a lokaci ɗaya kullum, ruwa a wuri ɗaya, yara kuma su dakata tukuna. Ya ƙara da cewa idan ya yi gurnani kada in doke shi, domin gargaɗi ne, kuma karen da aka hana gargaɗi da duka shi ne yake cizo ba sanarwa. Ina sauraronsa ina tuna abin da Muslim ya ruwaito, cewa Uwar Muminai A'isha ta hau wani raƙumi mai gardama tana ta fizgarsa, sai Annabi ya umarce ta da tausasawa, ya ce tausasawa ba ta shiga abu face ta ƙawata shi, ba a cire ta daga abu face ya munana. Mun saba jawo wannan hadisi kan mata da miji, mun manta a kan dabba aka faɗe shi. Haka kuma a ruwayar Abu Dawud, raƙumin da ya zubar da hawaye da ganin Annabi, shafa bayan kunnensa ya yi har ya natsu, sannan ya nemi mai shi ya ce ya ji tsoron Allah a kan dabbar da Ya mallaka masa.

Kada wani ya karanta wannan ya je ya rungumi karen titi. Ciwon haukan kare gaskiya ne, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum kusan babu tsira. Duna sai da aka yi masa rigakafi kafin ya zo hannuna. Duk mai kare ya kai shi asibitin dabbobi a yi masa tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa, wanda kuma kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya wuce asibiti a ranar.

A wata na biyu ya karɓi nama daga tafin hannuna, ya koma da gudu. A na uku muka yi baya, domin wani baƙo ya shigo lambun da sanda a kafaɗa, Duna ya koma cikin kara har kwana 3, ni kuma, in faɗi gaskiya, na ƙosa har na kira likitan na ce ya zo ya ɗauki abinsa. Ya ce, "Baba, ku ƙara masa mako guda." Na ji kunyar yaron, na ƙara.

Ranar Talatar da ta wuce na tsaya La'asar yana kwance gindin mangwaro, bai fi taku 5 daga buzuna ba. Da na sunkuya ruku'u na ji motsin ganye, da na ɗago sai ga shi nan ya ɗaga kai kawai, ya mayar da shi kan ƙafafuwansa. Jiya likitan ya zo da labarin wani manomi a Shika da yake son karɓarsa, na ce ya gaya masa ya nemi wani.