Ɗan Ader ya daɗe da fita duniya, guzurin ne lakwal ba ta ba shi ba

Duk wanda ya leƙa tasha nan Tahoua bayan an gama girbi ya san abin da nake nufi. Motoci maƙare da samari, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Aljeriya ko Libiya ta hanyar Agadas. Shi ya sa in na ji ana cewa a rediyo sai mun shirya matasanmu su yi gogayya da duniya, nakan ce ai ɗan Ader ya shiga kasuwar duniya tun zamanin kakanni, abin dubawa shi ne me ke hannunsa in ya sauka can. Galibi ƙarfin ƙirji ne kawai, dako, gadi, saida shayi, turin ruwa, kuma har da waɗanda suka share shekara goma bisa bencin lakwal.

Ɗan wana na cikinsu. Ya ci BEPC, jarrabawar gama koleji, yaro mai ƙwaƙwalwa, zai iya karanto maka darasin tarihi tun daga farko har ƙarshe ba gargada, amma ranar da famfon sola na garkar mahaifinsa ya tsaya sai da aka yi kwana huɗu ana jiran mai gyara albasa na ƙishi, shi kuwa yana tsaye bai san ta ina ake fara duba waya ba. Ban ga laifinsa ba wallahi, ba a taɓa miƙa masa waya da batir a aji an ce haɗa mu gani ba.

Ni a ganina tun daga ajin CI, ajin farko na firamare, ɓarnar ke farawa. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai ya baro gida da Hausa ko Tamajak ko Fulatanci a bakinsa, ya shiga aji mushe ya fara masa Faransanci, bai gane komi ba, to me ya rage masa banda hadda? Ya haddace, ya zuba a kan takarda ranar jarrabawa, ya manta. Wanda aka saba masa da maimaita abin da bai fahimta ba ta yaya za a ce daga baya ya ƙirƙiro sabon abu, shi da ko tambaya tsoron yi yake.

Kuma wannan magana ba yau aka fara ta ba. Marigayi Abdou Moumouni, ɗan Tasawa wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun 1964 ya rubuta littafi kan ilimi a Afirka yana cewa a koyar da yara cikin harsunansu, a haɗa karatu da aikin hannu. Mutumin nan masanin kimiyya ne da duniya ta san shi a fannin hasken rana, ya jagoranci ONERSOL, hukumar makamashin rana ta ƙasa, inda aka ƙera na'urorin dafa ruwa da rana a nan cikin ƙasa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunanmu wuri, a watan Maris na 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Takardu dai mun tara su, sai ka shiga aji a ƙauye ka tarar abin na nan yadda yake.

Na san tsoron iyaye, ni ma uba ne. Suna cewa in an fara da Hausa yaro zai rasa harshen neman aiki. To amma yanzun yana samu? Yaron da ya iya karatu da lissafi cikin harshensa shi ne zai kama Faransanci da sauri, ya ƙara da Ingilishi wanda ke da amfani ga mai zuwa Najeriya da Gana da mai neman ilimi a intanet. Harshe biyu ko ukku muke so su iya, amma a fara da wanda suke tunani da shi.

Sai batun sana'a, wanda ya fi ci mini rai. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM mun maida su wurin jefa wanda aka kora daga koleji, kamar horo, alhali ayyukan da ke jiran mu duk can suke. Albasar Galmi ta yi suna har bakin teku amma kowace shekara wani kaso na ruɓewa cikin rudu, rumbun albasa na gargajiya, saboda rashin kyakkyawar ajiya, manomi ya saida da araha lokacin da kasuwa ta cika. Ga tashar sola ta Malbaza tun 2018, ga famfuna da faranti a garake ko'ina. Ina laifin ɗaliban jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua su zauna da manoman Galmi su fito da ɗakin ajiya da ya fi rudu, a ba su maki a kansa? Ina laifin kowane ɗan koleji ya yi aikin hannu guda, a lissafa shi cikin BEPC yadda ake lissafa darasin Faransanci? Abin da ke cikin jarrabawa shi malami ke koyarwa, kowa ya san haka.

Malamin ma sai an duba shi. Ɗan kwantiragi da ke tsaye cikin ajin zana gaban yara fiye da sittin, yana jiran ɗan kuɗinsa na wata, ba a horar da shi koyar da Hausa ba balle haɗa sola, ba shi za a ɗora wa laifi ba. A fara da makarantun horar da malamai, a buga littattafai cikin harsunanmu su isa har ƙauyukan Keita da Bouza, don kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma ƙanen wancan ɗan wan nawa bana ya shiga CI.