Shekarun shugaban tsangaya da kantar mai kyamis a ƙauye

Duk sa'ad da farfesan da ya daɗe yana shugabantar tsangayar harhaɗa magunguna zai ajiye aiki, jawaban walimar bankwana ba sa wuce abu uku: ɗakunan gwajin da ya gina, binciken da ya wallafa, da ɗaliban da ya yaye. Ban raina ko ɗaya ba. Wanda ya riƙe alli har shekara 70, lokacin da doka ta ce farfesa ya huta, ya cancanci yabo. Amma ni da na tashi a ƙauyen Jigawa, abin da nake son ji shi ne, cikin ɗaliban nan nawa suka taɓa tsayawa bayan kanta a wuri irin Gujungu ko Maigatari?

Je ka ranar kasuwa ka gani. Dattijuwa za ta miƙa kuɗi ta ce, "Ɗan nan, haɗa mini na ɗari uku, jikina duk ciwo." Mai kyamis ya yanko farasitamol biyu, ya jefa ja-da-yalo ɗaya, ya ƙara wata ƙwayar ciwon gaɓoɓi, ya ƙulle a leda. Bai tambaye ta ko tana da gyambon ciki ko hawan jini ba. Ja-da-yalon nan kuwa, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, shan guda ɗaya a daina shi ke sa ƙwayoyin cuta su saba da magani har ya daina cin su. Lasisin da PCN, hukumar da ke kula da sana'ar harhaɗa magunguna, ke ba irinsa bai haɗa da yin allura ba, to amma asibiti na nesa, shi kuma yana bakin masallaci, ga shi yana ba da bashi.

Malaman wannan fanni sun taɓa fita daga aji sun yi abin a zo a gani. Farfesa Gabriel Osuide daga ABU Zariya ya je ya zama shugaban farko na NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Dora Akunyili, da ta riƙe hukumar daga 2001 zuwa 2008, ta hana masu jabun magani barci. A 2018 aka haramta maganin tari mai kodin, a 2024 kuma aka tashi dilolin magani na Sabon Garin Kano zuwa Dangwauro. Duk gyaran sama ne, bai canza yadda ake ƙulla ledar dattijuwar nan ba.

Za a ce ɗaukar ma'aikata aikin gwamnati ne. Haka ne. Sai dai tsangaya ce ke da ta cewa kan inda ɗalibi zai je koyon aiki, kuma shugaban da ya daɗe a kujera ya san kwamishinoni, ya san sarakuna. Me zai hana BUK ko ABU su riƙa tura 'yan ajin ƙarshe asibitocin ƙauye na wata biyu, su zauna da masu kyamis na yankin, su koyi yi wa mai jego bayanin "sau uku a rana, kwana biyar" da Hausar da za ta gane? Mota ɗaya da ɗakin kwana a gidan hakimi sun isa a fara.