Rashin lambar Olamfik ba ya rage wa Recchia komai

Ina yawan ganin mutane suna cewa wai duk ɗan wasan da bai ci lambar Olamfik ba bai kai ba, har da su Alexandra Recchia ta Faransa ake sakawa a ciki, abin yana min ciwo wallahi. Matar nan fa sau biyu tana cin zinare a gasar karate ta duniya a ajin kilo 50, na farko a Paris a 2012 gaban mutanen ƙasarta, na biyu a Linz ta Ostiriya a 2016, kuma lauya ce.

Matsalar daga Olamfik ɗin take. Sau ɗaya tak aka taɓa saka karate, a Tokyo a 2021, kuma ajin mata uku kawai aka ba su na faɗa, kilo 55 da 61 da sama da 61, kun ga ajinta ma babu shi gaba ɗaya, sai dai ta kara da waɗanda suka fi ta nauyi. Da gasar ta zo gida Paris a 2024 kuma aka cire karate ɗin kwata-kwata, aka saka rawar breaking.